Yadda ake tantance faifan da ɗan kallo ya ɗauka na kisan shugaba: aikin da aka yi wa fim ɗin Zapruder

Ranar Juma'a 22 ga Nuwamba 1963, da misalin ƙarfe 12:30 na rana, Abraham Zapruder, mai kamfanin ɗinkin kayan mata a birnin Dalas na jihar Teksas, ya hau wani dakalin siminti a dandalin Dealey don ya ɗauki wucewar Shugaban Amurka John F. Kennedy. Ma'aikaciyar ofishinsa, Marilyn Sitzman, tana tsaye a bayansa tana riƙe da shi kada jiri ya ɗebe shi. Abin da kyamararsa ta kama bai kai rabin minti ba: sakan 26.6, hotuna 486 a jere, masu launi, babu sauti. A cikinsu ne harsashi ya sami shugaban a ka.

Sama da shekara sittin ke nan ana aiki a kan wannan ɗan guntun fim, kuma duk wanda irin wannan faifai ya faɗo hannunsa a yau, ɗan jarida ne ko lauya ko ɗalibin tarihi ko mai wayar da tsautsayi ya ajiye a wurin, zai ga dalilin kowace ƙa'ida a tarihinsa. Muna cewa gani ya kori ji, amma a wannan aiki ganin kansa sai an auna shi. Faifan ɗan kallo agogo ne kuma ma'auni ne. Yana faɗin lokacin da abu ya faru da inda kowa yake tsaye. Ba ya faɗin wanda ya ɗana kunamar bindiga sai idan ya kama shi a fili.

A fara da na asali, a kuma rubuta duk hannun da ya taɓa shi

Tambayar farko ita ce: wannan da ke gabana, shi ne ya fito daga cikin kyamara, ko kwafin kwafi ne? A ranar da abin ya faru aka wanke fim ɗin Zapruder a ɗakin wankin Kodak na Dalas, aka kai shi kamfanin Jamieson aka buga kwafi uku. Biyu suka tafi hannun jami'an tsaron shugaban ƙasa. Washegari da safe Richard Stolley na mujallar Life ya sayi haƙƙin buga hotunan a kan dala 50,000, bayan kwana biyu kuma mujallar ta saye haƙƙin gaba ɗaya a kan jimillar dala 150,000. Na asalin ya koma hannunsu.

A can ne aka yi ɓarnar. Wani ma'aikacin mujallar ya lalata hotuna huɗu, daga na 208 zuwa na 211, aka yanke su aka liƙe bakin fim ɗin. Kwafin ukun da aka buga tun ranar farko su suka ceci waɗannan hotuna. Amma ba su ceci komai da komai ba. Kyamarar Zapruder tana zuba hoto har cikin filin da ke tsakanin hudojin gefen fim, inda haƙoran inji ke kamawa, wato akwai ɗan ƙarin abin kallo a gefen hagu wanda majigi ba ya haskawa. Injin da ya buga kwafin bai ɗauki wannan gefe ba. Saboda haka abin da ke gefen waɗannan hotuna huɗu ya tafi ke nan, kuma giɓin ya ba masu zargin an taɓa fim ɗin abin kamawa na shekara da shekaru.

Ga bidiyon waya, na asali shi ne fayil ɗin da ke cikin wayar da ta ɗauka. Wanda aka tura ta WhatsApp ko aka ɗora a Facebook an matse shi, an rage masa kaifi, an kuma goge yawancin bayanan da ke jikinsa na rana da lokaci da samfurin waya. Ga abin yi. A sa wayar a yanayin jirgin sama, kada a yanke bidiyon, kada a ƙara masa haske, kada a canja masa suna. A kwafe shi zuwa kwamfuta ta kebul. Idan dole sai an tura ta WhatsApp, a tura shi ta maɓallin Document, wanda ke aika fayil yadda yake. Daga nan a cire masa lambar SHA-256, wato jerin haruffa da lambobi 64 da ke sauyawa gaba ɗaya idan an taɓa ko ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin. A Windows ana rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil, sai SHA256. A Linux kuma sha256sum. A rubuta lambar a takarda tare da rana da lokaci da sunan wanda ya kwafa. A yi kwafi uku a ajiye a wurare daban-daban, a riƙa aiki da guda ɗaya kawai. Duk wanda ya karɓa ya sa hannu.

Wannan rubuce-rubuce ba ɓata lokaci ba ne. A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar shaida da ke bayyana na'urar da ta samar da fayil da yadda aka samar da shi kafin kotu ta karɓe shi. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ma, tare da Jami'ar Berkeley, sun fitar da ƙa'idar binciken irin waɗannan shaidu a 2020, kuma tsare asali da rubuta hannuwan da ya bi suna cikin ginshiƙanta.

A san gudun kyamarar, domin duk lissafi a kansa yake tsaye

Zapruder ya yi amfani da kyamarar Bell & Howell samfurin 414 PD, mai cin fim ɗin Kodachrome II na milimita 8. Ba ta da batir. Wana ta ake yi kamar tsohon agogo, sifirin ya riƙa jan fim. Irin wannan inji ba a yarda da gudun da aka rubuta a littafinsa, sai an gwada shi kansa. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta karɓi kyamarar ta gwada, ta sami matsakaicin gudunta hoto 18.3 a sakan ɗaya. Kowane hoto guda, wanda masu aikin ke kira firam, yana wakiltar kusan kashi ɗaya cikin goma sha takwas na sakan ke nan.

Dubi yadda wannan lamba ke juya magana. Daga firam na 210 zuwa na 313 akwai tazarar 103. A gudun 18.3, sakan 5.6 ne. Wanda ya ɗauka gudun 16 ne zai sami 6.4. Wanda ya haska shi a gudun silima na 24 zai sami 4.3. Ita kuwa bindigar Carcano da aka samu a hawa na shida na ginin ajiyar littattafan makarantu da ke kallon dandalin, wadda masu bincike suka ce da ita aka yi harbin, gwajin FBI ya nuna tana bukatar aƙalla sakan 2.3 tsakanin harbi da harbi, saboda da hannu ake zare kwanso a ɗura wani. Sakan 2.3 firam 42 ne. Duk gardamar ko mutum ɗaya ne ya yi harbin ko fiye, a cikin wannan firam 42 take zaune. Kuskuren firam biyu a sakan ya isa ya ƙirƙiro maharbi na biyu, ko ya ɓoye shi.

Waya tana da nata tarkon. Yawancinsu ba sa riƙe gudu ɗaya. An ce 30 a sakan, amma idan haske ya ragu ko wayar ta yi zafi sai gudun ya sauka. Don haka ba a ƙirga firam a raba da 30. A buɗe fayil ɗin da manhajar MediaInfo a ga ko gudun tsayayye ne ko mai canjawa, sannan a yi amfani da manhajar ffprobe a fitar da lokacin da aka buga wa kowane firam. Da wannan lokaci ake lissafi. Agogon wayar kansa a gwada shi da ingantaccen agogo, a rubuta bambancin da aka samu.

A ba kowane firam lamba

Lyndal Shaneyfelt, masanin hoto na FBI, shi ya lambata firaman Zapruder, kuma da lambobinsa ake magana har gobe. Idan mai bincike a ko'ina ya ce 313, kowa ya san hoton da harsashi ya fasa kan shugaban yake nufi. Idan ya ce 133, an san inda motar ta fara bayyana ne, domin Zapruder ya fara ɗaukar 'yan sandan babur na gaba, ya tsaya, sannan ya ci gaba. Wannan tsayawa da ke tsakanin 132 da 133 tana da muhimmanci: agogon fim ya katse a nan, ba a ƙirga lokaci a tsallake ta.

Da manhajar ffmpeg ana iya fitar da kowane firam a matsayin hoton PNG mai lamba, a umarce shi kada ya ƙara kada ya rage. A fara daga 1, kada a sake lambar ko da an ga wani firam ya dushe ba ya da amfani. Sai a zana jadawali: lambar firam, lokacinsa, abin da ido ya gani. A nan a kame baki daga fassara. A rubuta "ya ɗaga gwiwar hannu biyu zuwa wuya", kada a rubuta "harsashi ya same shi". Na farko gani ne, na biyu hukunci ne.

Kafin a buga jerin, mutum biyu su duba shi. A cikin kundin shaidun 1964 na Kwamitin Warren, wanda gwamnatin Amurka ta kafa don binciken kisan, an buga firam 314 da 315 a juye, ɗaya a gurbin ɗaya, abin da ya sauya yadda motsin kan shugaban ke bayyana ga mai bin hotunan a takarda. Shugaban FBI, J. Edgar Hoover, ya ce kuskuren ɗab'i ne. Kuskure ne a wurin da ya fi ko'ina zafi, kuma ya ci wa kwamitin amana a idon jama'a.

A koma wurin, a tsaya inda mai ɗauka ya tsaya

Kyamara tana gani ne daga wuri ɗaya, abin da ya tare ta kuma ya tare tarihi. Tsakanin Zapruder da titin Elm, wanda motar shugaban ke bi, akwai allon hanya mai nuna babban titin Stemmons. Kennedy ya shige bayan allon wajen firam na 210 yana lafiya a ido, ya fito a na 225 hannayensa na tashi zuwa wuyansa. A lissafin Kwamitin Warren, lokacin da harsashin farko da ya same shi ya sauka, allo ne a gaban kyamara. Ƙasa da sakan ɗaya ne, amma a cikinsa aka gina ra'ayin cewa harsashi guda ya ratsa wuyan Kennedy ya kuma raunata Gwamnan Teksas John Connally da ke zaune a gabansa. Masu goyon bayan ra'ayin suna nuna yadda gefen kwat ɗin gwamnan ya ɗaga a firam na 224. Masu musu suna cewa alamar ciwo ba ta bayyana a jikinsa sai bayan 230, wanda ya yi kusa ƙwarai a ce bindiga ɗaya ta sake harbi. Faifan ya ba kowa abin riƙewa domin ainihin lokacin a ɓoye yake.

Ranar 24 ga Mayu 1964 masu binciken Kwamitin Warren suka rufe titin, suka kawo mota da mutanen da suka zauna a mazaunin shugaban da gwamnan, suka ɗora kyamara a kan dakalin nan, suka riƙa tura motar suna tsayar da ita a daidai inda kowane firam ya nuna. Ta haka suka gano cewa daga tagar hawa na shida, wata bishiya ta rufe motar daga wajen firam na 166 zuwa na 210, sai ɗan giɓi a 186. Suka kuma lissafa gudun motar, kusan mil 11 a awa, wato kilomita 18.

Mai yin irin wannan aiki yana bukatar tef ɗin awo, taswirar wurin, da na'ura iri ɗaya da wadda ta ɗauka. A zaɓi abubuwan da ba sa motsi guda huɗu ko biyar da suka fito a faifan, kamar turken fitila, kusurwar gini, bakin kwalbati, a auna tazararsu da juna da kuma wurin mai ɗauka. A je a irin lokacin da abin ya faru don inuwa ta dace. A kuma yi sauri: ana cire allo, ana sare bishiya, ana sake fentin titi. Ido ba mudu ba ne ko da ya san kima. Ruwan tabarau mai jawo nesa yana matse tazara, mutum biyu da ke nesa da juna su zama kamar kafaɗa da kafaɗa, kuma Zapruder ya jawo nasa har ƙarshe.

Hannun mai ɗauka ma shaida ne

Tunda fim ɗin ba shi da sauti, Luis Alvarez, masanin kimiyyar da ya ci kyautar Nobel, ya bi wata hanya: ƙarar bindiga tana firgita mutum, hannunsa ya girgiza, hoton ya dushe. Ya auna dushewar firam bayan firam, ya buga sakamakon a 1976. Dabarar tana da amfani, domin akwai girgiza bayyananniya jim kaɗan bayan 313. Rauninta shi ne hannun da ke bin mota yana girgiza ko babu harbi, saboda haka girgiza tana goyon bayan wata shaida ne, ba ta tsayuwa ita kaɗai.

Idan akwai sauti, a tuna haske yana riga shi isowa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, wato mai ɗauka da ke nesa da mita 100 zai ji ƙarar bayan kusan kashi uku cikin goma na sakan, firam tara ke nan a waya mai gudun 30. Harsashin babbar bindiga ya fi sauti gudu, don haka makirfo yakan kama ƙara biyu daga harbi ɗaya: tsawar wucewar harsashi, sannan ta bakin bindiga. Ga kuma amsa-kuwwa daga gine-gine. Mai ƙirga ƙara da kunne zai iya mai da harbi biyu su zama biyar. A buɗe sautin a manhajar Audacity a ga siffarsa. A kuma tabbatar sautin na wurin ne. Kwamitin majalisar wakilan Amurka ya dogara da wani naɗin rediyon 'yan sanda ya ce a 1979 mai yiwuwa akwai maharbi na biyu, sai kwamitin masana na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ya ce a 1982 sautin da aka ɗauka harbi ne an naɗe shi kusan minti ɗaya bayan kisan.

A nemo sauran idanu

Zapruder ba shi kaɗai ke riƙe da kyamara ba. Orville Nix da Marie Muchmore sun ɗauka daga ɗaya gefen titin. Mary Moorman ta ɗauki hoton Polaroid ƙiftawar ido bayan 313. James Altgens na kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauki motar ta gaba, aka daidaita hotonsa da firam na 255. Hanyar haɗa su ita ce a sami abu ɗaya da ya fito a duka, a mai da shi sifili, a jera sauran a kansa, kowane faifai da nasa gudun. Dacewar waɗannan da juna hujja ce mai ƙarfi a kan masu cewa an sauya fim ɗin, domin mai sauya ɗaya sai ya sauya duka. A 1998 Roland Zavada, tsohon injiniyan Kodak, ya duba rubutun gefen fim ɗin da hotunan tsakanin hudoji, ya gwada kyamarori irin ta Zapruder, ya kammala cewa wanda ke ajiye shi ne ya fito daga kyamara.

Haka aka yi a wasu wurare. Faifan da Roni Kempler ya ɗauka daga saman gini daren da aka kashe Firaministan Isra'ila Yitzhak Rabin, 4 ga Nuwamba 1995, ya nuna maharbin yana jira a wurin ajiye motoci ba wanda ya kore shi. Wayoyin jama'a a birnin Nara na Japan ranar 8 ga Yuli 2022 sun nuna akwai kusan sakan uku tsakanin harbin farko da na biyu da ya kashe tsohon Firaministan ƙasar, Shinzo Abe, da kuma yadda aka bar bayansa a buɗe. A waɗannan biyun babban abin da faifan ya tona shi ne sakacin tsaro.

Inda aka fi zamewa

Bayan 313, jikin Kennedy ya koma baya da hagu da ƙarfi. Mai kallo nan take zai ce daga gaba aka harbo. Amma likitocin da suka duba hotunan gawar domin kwamitin majalisa sun ce daga baya harsashin ya shiga, masu bayani kuma suka kawo dalilai biyu: ƙarfin abin da ya fita ta gaba, da ɗaurewar jijiyoyi. Har yau akwai masu musu. Abin riƙewa shi ne motsin jiki shi kaɗai ba ya nuna inda harsashi ya fito, sai an haɗa da rahoton likita da kwanso da awon wuri.

Ga kuma mai laima. A faifan ana ganin wani mutum ya buɗe baƙar laima ana tsakar rana ba ruwa, daidai wurin allon. Shekaru ana cewa alama yake ba maharba. A 1978 Louie Steven Witt ya bayyana gaban kwamitin majalisa ya ce shi ne, kuma zanga-zanga yake yi: laimar habaici ce ga mahaifin Kennedy, wanda ya goyi bayan Firaministan Birtaniya Neville Chamberlain wajen lallashin Hitler. Abin da ya yi kama da baƙon abu a faifai sau da yawa yana da dalilin da ba wanda zai iya hasashensa. Kada a kira sunan kowa, kada a zagaye fuskar kowa da jan layi a watsa, don kawai tsayuwarsa ta ba da mamaki. Ana iya jawo wa marar laifi kisa ta haka.

Manhajojin da ke ƙara wa bidiyo kaifi ko laushin motsi ƙirƙiro abin da babu suke yi: suna cike giɓi da zato, suna saka firaman da kyamara ba ta ɗauka ba. Ba a awo a kansu. Idan an ƙara haske don a ga wani abu, a ajiye na asali a gefensa, a rubuta abin da aka yi.

Nunawa da ajiya

Zapruder ya roƙi kada a buga firam na 313, kuma Life ba ta sa shi cikin hotunan da ta fara fitarwa ba. Daga kuɗin da ya samu ya ba matar J. D. Tippit, ɗan sandan da aka kashe a ranar, dala 25,000. Sai dai riƙe fim ɗin da aka yi ya yi tsawo. An haska shi a kotu a 1969 a shari'ar Clay Shaw, ɗan kasuwar da aka zarga da haɗa baki a kisan, amma jama'ar Amurka ba su gan shi yana motsi a talabijin na ƙasa ba sai 6 ga Maris 1975, lokacin da Robert Groden, wani mai nazarin fim ɗin, ya kawo kwafinsa tashar ABC. Hayaniyar da ta biyo baya tana cikin abin da ya sa majalisar wakilai ta sake buɗe bincike a 1976. Shekara goma sha ɗaya na ɓoyo sun shuka zargin da nunawa ba ta iya tumɓukewa ba. Hanya mafi aminci ita ce a miƙa cikakken kwafi ga masu bincike da lauya da wata ma'ajiya mai zaman kanta tun da wuri, a sanar da iyalan mamaci kafin a watsa, a rufe wurin da ya fi muni a abin da za a nuna wa jama'a tare da faɗin cewa an rufe, a kuma ɓoye sunan mai ɗauka idan rayuwarsa na cikin haɗari.

A 1975 kamfanin mujallar ya mayar wa iyalan Zapruder fim ɗin a kan dala ɗaya, shi kuwa ya rasu tun 1970. Suka kai shi Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a 1978. Bisa dokar 1992 ta tattara bayanan kisan, gwamnati ta karɓe shi a 1998, masu sasanci suka yanke a biya iyalan dala miliyan 16 a 1999, su kuma suka ba gidan tarihin da ke hawa na shida na ginin nan haƙƙin mallakarsa. Na asalin yana ɗakin sanyi, ba a sa shi a majigi, domin fitila tana cin launi, haƙoran inji kuma suna yaga gefe. Tsohon fim irin wannan idan ya fara warin tsami, ruɓewa ya fara, sai a ware shi daga sauran a kai shi wuri mai sanyi marar danshi. Fayil ɗin waya kuma a riƙa buɗe kwafinsa sau ɗaya a shekara, a sake cire lambar SHA-256 a gwada da wadda ke takarda, a kuma sauya ma'ajiyarsa duk bayan shekara huɗu ko biyar tun kafin ta mutu.